Masaukin Alhaji Barau a Biyena

Sheme,
4 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Zahra'u, a ƙasar Hangari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da karatu da sanyin ƙasar da kike. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagun nan da kika sani, ita ba ta da niyyar rabuwa da ni. Innarki tana gaishe ki. Ta ce jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba.

Maƙwabcina Malam Gide ne ke rubutawa, ni nake faɗa. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara min ita kamar ta yaran da ya koyar a firamare. Sabis ɗin waya har yau bai dawo Sheme ba, don haka hanyarmu tana nan yadda take: Audi direba ya kai wa yayarki Hamida a Zariya, ta ɗauki hoto ta tura miki, taki kuma ta buga a takarda ta ba shi ya kawo.

Kin ce ranar ashirin ga Yuni za a ba ki shaidar likita, kina so in zo in gani da idona. Zan zo. Lokacin noman farko ne, amma gero ba zai mutu don na yi kwana goma ba na nan ba. Hamida ta kai ni Abuja neman biza, an dangwala yatsuna, wani yaro mai tabarau ya tambaye ni ko in na je zan dawo. Na ce masa gonaki uku gare ni, wa zan bar wa?

Sai maganar hutun kwana huɗu da kika ce za mu yi bayan biki, ki zagaya da ni wani gari. Kin lissafo guda uku, har da mai tafki. Ruwa dai na gan shi a Mairuwa. Ni Biyena nake so, can ƙasar maƙwabtanku. Kin ce awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa daga babban birninku. To can za mu.

Na san abin da za ki ce, ai ƙanena Ɗanlahadi yana can, mu sauka gidansa. Ki buɗe kunne. Ba zan kwana gidan Ɗanlahadi ba, ko da ruwan sama zai rutsa da ni a kan titi. Otal za ki nemo mana. Hanin da na yi miki tun ranar da kika tafi, shekara shida ke nan, cewa kada ki neme shi, yana nan.

Otal ɗin kuma ba kowane iri ba. Ba na son na matsiyata, a ce Alhaji Barau ya je Turai ya kwana a lungu. Ba na son na gwamnoni, a ce tsoho ya samu ɗiya likita kansa ya kumbura. Tsaka-tsaki, mai tsabta, inda mutumin kirki zai shiga bai rufe fuska ba. Ɗaki biyu, naki da nawa. Kada a sa ni hawa bene da wannan gwiwar. Kuma tagar da ake buɗewa. A Makka mu shida aka zuba a hawa na goma sha ɗaya, taga a liƙe, ban manta ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Alhaji Barau

*

Debrecen,
13 ga Maris

Baba,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna da Malam Gide. Lafiyata lau, sai jarabawar ƙarshe da ta matso. Gwiwar nan, don Allah ka riƙa shafa man da na aiko, ka daina ba mutane shi.

Na yi murna ƙwarai da za ka zo. Na zauna na bi unguwannin Biyena ɗaya bayan ɗaya. Su lamba suke ba unguwanninsu. Ta ɗaya ita ce tsakiyar gari, can tsofaffin gine-gine suke da karusan doki, amma masaukanta irin na gwamnonin da ka ce ne, ga cunkoson baƙi. Ta biyu tana da babban lambu, kusa da kogi, shiru, sai dai abincin da za mu ci sai an yi tafiya. Ta goma ita ta kwanta min. Tana jikin babbar tashar jirgin ƙasa, ba sai mun ja jaka da nisa ba. Turkawa da Larabawa sun yi yawa a can, akwai masallatai, akwai naman yanka da shinkafa da shayi mai kauri irin naka.

Na kama mana ɗaki biyu a wani otal a can. Tsaka-tsaki ne kamar yadda ka ce. Yana da lif, na'urar da ke hawa bene da mutum, suna ba da karin kumallo, na kira su sun tabbatar min tagar tana buɗewa. Buta ce ba su da ita, zan taho da tawa. In bai yi maka ba ana iya fasawa har ƙarshen Mayu.

Game da Baba Ƙarami, ka kwantar da hankalinka. Inna ta taɓa ce min a unguwa ta goma sha shida yake. Na duba taswira, nesa take da inda na kama, kuma duk wuraren da zan kai ka babu wanda hanyarsa ta bi ta can. Garin mutum kusan miliyan biyu ne. Za mu shiga mu fita bai ma ji labari ba.

Ban taɓa sanin abin da ya shiga tsakaninku ba, Baba, kuma ban tambaya ba.

Ɗiyarka,
Zahra'u

*

Sheme,
24 ga Maris

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Zafi ya sauko. Man gwiwa ya ƙare, liman na ba.

Sau biyu na sa Malam Gide ya karanta min takardarki, don na ɗauka shi ya karkatar da ita. Mu shiga mu fita bai ji labari ba? To mi ya kai ni? In shinkafa da shayi nake so, ga su nan bakin titin Sheme. Shekara shida kina karatun likita, magana ɗaya ta ubanki kin kasa karantawa. Na ce ba zan kwana gidansa ba. Yaushe na ce ki ɓoye ni?

Tunda ba ki sani ba, yau za ki sani. Kina da shekara biyar aka yi abin.

Mu biyu Inna Laraba ta haifa da suka rayu, ni da shi, shekara tara tsakani. Ubanmu a kan addinin kakanni ya mutu a Pauwa. Ni na musulunta, shi 'yan mishan suka kai shi makaranta ya bi nasu, daga can har Turai, ya zama direban jirgin cikin gari, ya auri Baturiya. Ban taɓa riƙe shi da ko ɗaya cikin waɗannan ba, Allah ne shaida. A wuyana ya girma. Ni na kai shi tasha ranar da zai tafi.

Da Inna ta rasu ya aiko zai zo gaisuwa. Na fitar da buhunan da ke ɗakin kusa da zaure, na sa aka yi masa siminti, aka shafa farar ƙasa. Na je Funtua da kaina na sayo sabuwar katifa da gwado da gidan sauro. A saman mota aka ɗauro katifar, duk Sheme ta gani, mutane suna ta cewa Alhaji baƙon Turai za a yi. Ya iso, muka rungume juna, muka yi kuka, ya ci tuwo. Na kai shi ya ga ɗakin. La'asar na yi sai ya miƙe, wai mota tana jiransa, ya kama otal a Funtua. A gaban 'yan zaman makoki ya faɗa.

Kwana bakwai haka. Ya zo da hantsi, ya tafi da la'asar, kamar ma'aikacin gwamnati da aka turo duba rijiya. Ke kin tashi a makaranta, wataƙila ba ki san nauyin wannan ba. A wurinmu mutum ba ya kwana otal a ƙasar da ɗan'uwansa yake da ƙofa, sai in ya yanke shi. Masu tsokana suka riƙa tambayata ko kuɗin cizo ne a gidana. Wannan da sauƙi. Wasu suka ce ni na kore shi saboda ba ya salla. Har yau akwai masu faɗa a Pauwa, wai Barau ya hana ƙanensa kwana a gidan da uwarsu ta mutu. Ni da na ɗauro katifa a saman mota!

Tana nan a ledarta, jingine da bango. Innarki ta yi ta roƙo in ba Hamida lokacin aurenta, na hana.

To ga abin da nake so. Ki fasa wancan otal ɗin na Turkawa. Ki nemo a unguwarsa, a kan layinsa, in da hali wanda in ya leƙo taga zai hango ƙofarsa. Da hantsi zan je in gaishe shi, in ci abincinsa, in yaba gidansa. Ya nuna min ɗakin da ya gyara min, in ce madalla. La'asar na yi in miƙe in ce masa masaukina yana jira. Kwana huɗu. Maƙwabtansa su tambaye shi abin da nawa suka tambaye ni.

Duk shekara yana aiko min da kati da Babbar Salla, har zuwa shekara huɗu da suka wuce da ya gaji ya daina. Ban buɗe ko ɗaya ba, suna cikin akwatina. Malam Gide ya kwafe adireshin da ke bayan na ƙarshe, ga shi a ƙasa. Yana rubutawa yana girgiza kai. Na ce masa hannunsa na ara, ban ari kansa ba.

Mahaifinki

*

Debrecen,
3 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ina lafiya. Zan ba Hamida sunan man ta saya a Zariya, wannan karon naka ne kai kaɗai.

Na karanta takardarka na yi kuka, don ban san an yi maka haka ba. Amma Baba, ka yi haƙuri in faɗi abu ɗaya. A nan maƙwabta ba sa tambaya. Mutum zai kai uwar da ta haife shi otal, a ce ya kyauta mata, ya ba ta wurin sakewa. Wanda ke zaune a ƙofar da ke kallon taka ma yakan shekara bai san sunanka ba. Za ka taso tun daga Sheme da ciwon gwiwa don ka kunyata mutum a gaban mutanen da ba su san an yi ba.

Duk da haka na bi maganarka. Na fasa na unguwa ta goma, raina bai so ba, don irinsa ba ya daɗewa. Ta goma sha shida ba unguwar baƙi ba ce, ta mazauna ce, masaukai ba su da yawa. Amma akwai doguwar kasuwa a kan titi, da rumfunan kayan miya da mahauta Musulmi, ina jin za ta yi maka. A kan layin Baba Ƙarami babu otal ko ɗaya. Mafi kusa yana bayan layi biyu, wani ƙaramin gidan baƙi mai ɗaki goma sha biyu. A hoto yana da kyau, amma wasu da suka kwana sun rubuta cewa lif ɗinsa yana yawan tsayawa, kuma jirgin cikin gari yana wucewa ta ƙarƙashin taga tun asuba.

Ba zan kama shi da hoto ba. Ranar Asabar bayan jarabawa zan shiga jirgi in je in gani da idona, in hau lif ɗin, in ƙirga matakala. Zan bi ta ƙofar gidansa in duba ko sunansa yana jikin ƙararrawa. Ba zan danna ba.

Ɗiyarka,
Zahra'u

*

Sheme,
11 ga Mayu

Zahra'u,

Assalamu alaikum. In kina lafiya, madalla. Mu ba mu sani ba, tunda ba a ga dama a gaya mana ba. An yi ruwan farko shekaranjiya, bai isa shuka ba.

Sati biyar ke nan. Motar Audi ta yi sati biyu a gareji, wannan na yarda ba laifinki ba ne. Amma tun da ta tashi sau uku yana dawowa daga Zariya hannu wofi. Duk ranar da zai zo ina zaune a bencin mai shayi tun azahar, har an fara tambayata ko dako na koma.

Kin ce maƙwabtan can ba sa tambaya. Su sha zamansu. Shi ya sani. Shekara arba'in a Turai ba ta wanke masa Pauwa daga jiki ba. Ranar da na miƙe da la'asar zai gane, ko babu kowa a ɗakin sai ni da shi.

Ni na san abin da ya faru. Kin je, kin danna ƙararrawar da kika ce ba za ki danna ba. Ya zaunar da ke, Baturiyarsa ta dafa miki abinci, ya yi miki daɗin bakin nan nasa. Tun yana yaro haka yake, ya ɓarar da fura a doke ni. Yanzu kin koma wajensa, kina neman yadda za ki lallaɓa ni ki kai ni gidansa a ce otal ya cika.

Biza ta fito, Hamida ta aiko fasfo. Yana cikin akwati tare da katunansa. In takardarki ba ta zo da sunan otal ba kafin a yi shuka, can zai ci gaba da zama. Su ba ki shaidar, ki ɗauki hoto, Audi ya kawo.

Malam Gide ya ce wannan layin na ƙarshe ya yi tsauri. Na ce ya bar shi.

Mahaifinki

*

Debrecen,
19 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka. Lafiyata lau, na ci jarabawa. Ka gafarce ni da shirun. Sau uku ina rubutawa ina yagewa, don ban san ta inda zan fara ba.

Na je. Gidan baƙin ba shi da laifi, lif ɗin ya kai ni ya dawo da ni. Daga nan na taka zuwa adireshin. Sunansa ba ya jikin ƙararrawa. Ina tsaye wata tsohuwa ta fito da kare, na tambaye ta da ɗan Jamusancin da na iya. Ta san shi. Ta ce matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce, ba su haihu ba. Bayan shekara guda ya faɗi a matakala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An saki gidan. Yana gidan kula da tsofaffi a can gefen gari, ta rubuta min sunan.

Na karya haninka, Baba. Na je.

Ɗakinsa gado ɗaya ne da kujera ɗaya da keken guragu. Baƙo ba ya kwana, da yamma ake sallamar kowa. Ma'aikaciyar da ta raka ni ta ce tun da ya faɗi Jamusancinsa ya gudu, sai kalma ɗai-ɗai, yana ta yi musu wani yare da ba wanda ya sani. Na yi sallama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Inna?" Ya ɗauka mahaifiyarku ce. Na ce Zahra'u ce, ɗiyar Barau. Hausa ce yaren, Baba. Shekara huɗu yana roƙon a rage masa gishiri a miya ba wanda ya gane.

Na koma sau biyu bayan nan. Ya tambayi inda za ka sauka, na kasa yi masa ƙarya. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce, "Ramawa zai yi. Yaya ke nan." Sai ya ce in ɗauki biro. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita a hankali, amma ban canza ko kalma ba.

"Yaya, ina gaishe ka. Ina gaida mutan gida. Na ji za ka zo ka kwana otal a garina. Ka yi daidai.

"Wata uku kafin Inna ta rasu an yanke min hanji. Aka huda cikina aka manna min jaka, nan bayan gida yake fita. Sai an cire an wanke an sa wata, sau da yawa a yini, da ruwan famfo, kuma tana wari. Likita ya ce kada in yi tafiya, na ƙi ji. Na iske gidanka cike da mutane, mata a tsakar gida, masai ɗaya. Ka nuna min ɗakin. Na ga katifar da ledarta. Na ce a raina in na kwana a kanta zan ɓata ta, da safe matarka ta fitar da ita rana a gaban kowa. Kunya ta hana ni faɗa maka. Na ce sai ranar bakwai. Ranar bakwai ka ba ni hannu kana kallon bango.

"Na rubuta maka a katin shekara ta uku. Da ba ka amsa ba na ce to, ya ji, bai karɓa ba.

"Ka zo ka rama, Yaya, haƙƙinka ne. Abin da ke damuna ɗaya ne. Ba ni da ɗakin da zan gyara maka ka ƙi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Gidan baƙin yana riƙe mana ɗaki biyu har ƙarshen wata. Ban san ko in kama ko in saki ba. Layin ba nasa ba ne yanzu.

Ɗiyarka,
Zahra'u

*

Sheme,
27 ga Mayu

Zahra'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi shuka. Innarki ta yi guɗa da ta ji kin ci jarabawa, Allah ya sa albarka.

Na fito da katunan. Malam Gide ya nemo na shekara ta uku ya buɗe. Maganar tana ciki, da Hausa, da rubutun hannunsa. Shekara goma sha tara tana kwance ƙarƙashin babbar rigata. Malam Gide ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ya ce uffan zan nemi wani marubucin.

Ki gaya wa Ɗanlahadi na ce shi wawa ne. Ki faɗa masa haka, kada ki sassauta. Kunyar wa? Ni? Lokacin da Inna take gona, wa yake wanke masa gindi a bakin rafin Pauwa? Shekarar da ya yi zawo har aka fid da rai, a kan cinyar wa ya yi? Da ya ja ni bayan zaure ya ce Yaya ga abin da ke jikina, da na kori 'yan makokin nan kaf, na haƙa masa masai nasa shi kaɗai, na ja ruwa da kaina. Katifa! Don katifa ya bar ni shekara ashirin da biyu ana nuna ni da baki a kasuwa. Ya ɓata ta mana, ai don shi aka saya.

Su kuma mutanen can, shekara huɗu mutum yana magana ba a nemo wanda zai ji ba? Kin ce ƙasar tana da tsari.

Ki saki gidan baƙin nan, shi da lif ɗinsa. Mi zan yi a layin da ba kowa? Ga yadda za ki nemo yanzu, ki karanta da kyau, kada a sake irin ta farko.

Kusa da inda aka ajiye shi, yadda za a turo kekensa ba sai an shiga mota ba. Tsaka-tsaki dai, maganata ba ta canza ba. A ƙasa, ko lif mai faɗin da keke zai shiga. Banɗaki mai ruwan famfo da ƙarfen dafawa, ke kin fi ni sanin irin wanda jikinsa yake so. In akwai mai wurin ɗora tukunya, shi ya fi, don Innarki tana ɗaura kuka da daddawa da garin dawa, kuma ni zan faɗi yawan gishirin. Ɗaki biyu. Naki ɗaya. Ɗayan gado biyu za a sa a ciki.

Ki je wurin masu gidan tsofaffin ki gaya musu yayansa ya zo, zai ɗauke shi ya kwana wurinsa. In sun ce sai da likita, ki nuna musu takardar da za a ba ki ranar ashirin ga Yuni, in ba haka ba mi amfaninta? Jakar kuma ki koya min yadda ake canzawa. Hannuna bai mutu ba.

Na ce zan taho da katifar, Hamida ta aiko wai jirgi ba zai ɗauka ba. Gwadon dai yana shiga jaka, na gwada. Shi za a shimfiɗa masa.

Kada ya ɗauka na huce. Ban huce ba, zai ji sauran a bakina. Kuma kwana huɗun nan da kika tsara bai yi ba. Bakwai ya ƙi ɗakina. Ki sa Hamida ta ɗaga ranar dawowata, ki gaya wa masu otal ɗin bakwai za mu yi. Ciyawa ta ci geron in ta ga dama.

Ki amsa da wuri, Audi yana komawa Zariya ranar Laraba.

Mahaifinki,
Alhaji Barau